Faten Kabewar Ja'afar

Ranar Alhamis da hantsi aka kira Firdausi daga kamfanin ɗinkin da ke Ilupeju. Madam Bisi ce, shugabar layinsu, kuma ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Da Yarbanci ta yi mata magana kamar yadda suka saba. An samu babban aiki na kayan makaranta, ana neman hannu. In za ta dawo, to ranar Litinin ƙarfe takwas. In ba za ta iya ba, za a ɗora wata a kan kekenta.

Firdausi ta ce za ta zo. Sai da ta ajiye wayar sannan ta juya ta dubi ɗanta Ja'afar, yana zaune a kan leda yana cizon murfin kwano.

Watansa tara da 'yan kwanaki. Yana da ƙiba daidai gwargwado, yana rarrafe, haƙoransa biyu sun fito. Amma ban da nono, babu abin da ya taɓa wuce maƙogwaronsa da son ransa. Tun yana wata shida take fama da shi. Ta dama koko da sukari, ta gwada kastad, ta murƙushe ayaba, ta sayo garin jarirai na gwangwani har kala biyu. Da ya hango cokali sai ya datse baki ya kau da kai. In ta yi dabara ta tura masa, sai ya riƙe a baki, ya dube ta, ya furzar mata a gaban riga. A wajen awo an ce mata ta ci gaba da gwadawa, kada ta matsa masa. Waɗanda suka faɗa ba su da ranar Litinin a gabansu.

Da mijinta Shamsu ya dawo daga kasuwar Mile 12 bayan magariba, ƙafafunsa duk jirwayen ruwan tumatir, ta gaya masa tun kafin ya zauna.

"To ai shi ke nan," in ji shi. "Ba kin ce maƙwabciyarmu, matar Harouna, ta yarda za ta riƙe shi ba?"

"Ta yarda. Me za ta ba shi daga safe har yamma? Iska?"

"In yunwa ta kama shi zai ci."

"Kai ba ka san ɗanka ba, Baban Ja'afar."

Shamsu ya ɗauki yaron ya ɗaga shi sama. Mutumin Kura ne, bai iya ɗaukar abu da zafi ba. "In bai ci ba sai ki zauna abinki. Ban gaza ba tukuna."

Ta san bai gaza ba. Amma shekara huɗu ta yi a kan keken nan kafin ta haihu, har ta kai an daina duba ɗinkinta. A Agege aka haife ta, a nan ta girma, kuma ta ga yadda ƙawayenta ke cewa za su koma aiki in yaro ya yi wayo, sai wani cikin ya riske su. Watanni tara ke nan duniyarta ba ta wuce ɗaki, famfo da kicin ɗin bayan gida ba.

Ranar Juma'a ta gwada shawararsa. Tun da gari ya waye ta hana Ja'afar nono. Ta dama koko mai laushi, ta zuba madara, ta zauna da shi a cinya. Ya ture. Ta jira rabin awa ta sake. Ya ture, ya fara kuka yana cusa kai a ƙirjinta. Ta goya shi ta yi ta kai da kawowa a doguwar barandar gidan, mai ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna. Jirgin ƙasa ya wuce ta bayan gida, tagogi suka yi ta rawa, kukan bai tsaya ba. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce a ɗura masa kawai, haka aka yi wa kowa. Firdausi ta taɓa ganin an yi wa yaro ɗure, an toshe masa hanci har ya shiɗe. Ta ce a'a. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta zauna a bakin gado ta ba shi nonon. Ya sha yana ajiyar zuciya, ita kuma tana kallon kokon da ya yi sanyi a kofi.

Ranar ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ta ciro kayan aikinta ta goge, ta mayar, ta sake cirowa. Ta ɗauki waya za ta kira Madam Bisi ta ce a ba ta sati guda, ta fasa. Ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Da safiyar Asabar ta kai shi ɗakin Mariama, don ya fara sabawa da wurin ko da abincin bai samu ba. Mariama 'yar Maraɗi ce, mijinta Harouna yana gadin wani sito a Ilupeju. Ta girmi Firdausi da kusan shekara goma sha biyar, haihuwarta biyar, manyan suna gida wajen kakarsu, sai autarta Mouna mai shekara biyu. Ɗakinta ne na ƙarshe, dab da kicin.

"Shigo, zamna nan," in ji Mariama. "Kin kwana kuwa? Idonki ya yi ja."

"Ina fa barci, Maman Mouna. Yaron nan zai sa ni hauka."

Ta sauke shi a ƙasa. Mouna na zaune ta miƙe ƙafafu, da ƙaramin kwanon roba a tsakaninsu, tana ci da hannu. Wani abu ne ruwan ɗorawa mai ɗigon kore-kore. Firdausi ba ta kula ba. Ta shiga lissafa wa Mariama abubuwan da ta gwada, tana yi tana duba wayarta ba tare da ta san abin da take nema ba.

Ihun Mouna ne ya katse ta. Ja'afar ya rarrafa har gabanta, ya tsoma yatsu biyar a kwanon, ya kai baki.

Firdausi ta zabura. "Akwai yaji?"

"Babu. Ki bash shi."

Yaron ya yamutsa fuska. Ya motsa baki, ya tsaya kamar mai tunani. Firdausi tana jiran ya furzar. Sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya sake miƙa hannu, Mouna ta janye kwanonta ta juya masa baya.

"Mene ne wannan?" in ji Firdausi. Muryarta ta yi ƙasa, kamar tana tsoron kada ya ji.

"Fate ne na kabewa. Shi nika yi ma Mouna kullum da sahe, ba ta son koko." Mariama ta ɗebo kaɗan a murfin kwano ta ajiye a gaban Ja'afar. "Wani yaro ba ya son zaƙi. Ɗana na biyu haka ya yi. Ke kuma tun da kika zamna, duk abin da kika lissafa mini mai zaƙi ne."

Ja'afar ya ci kamar loma uku, sauran ya shafe a kumatu da gashin kai. Firdausi ta ji kamar ta fita baranda ta gaya wa kowa.

Ta sa Mariama ta faɗa mata yadda ake yi, ta sake sa ta maimaita. Kabewa yanka biyu kamar tafin hannu. Dankalin turawa guda ɗaya, wanda Mariama ke kira kwambitar. Karas ƙarami, da ɗan albasa. A fere, a yanka ƙanana, a dafa da ruwa kaɗan har sai sun yi lugub. Sannan a zuba garin busasshen kifi, wanda aka tsince ƙayarsa tas aka daka aka tankaɗe, da manja rabin cokali. Alayyahu shi ne na ƙarshe, a yanka shi siriri, kada ya daɗe a wuta. A murƙushe da bayan ludayi.

"Nashi ki ɗebe kahin gishiri," in ji Mariama. "Ba gishiri, ba dunƙule, ba yaji. Na Mouna nikan sa ɗan gishiri da ƙwai, ita ta girma. Shi ma in ya saba sai ki dahwa ƙwai ki murƙushe mishi a ciki."

Firdausi ta kira Shamsu tun tana tsaye a ƙofar ɗakin. Hayaniyar kasuwa ta cika wayar, sai da ta maimaita sau uku. Da yamma ya shigo da buhu rabi: kabewa guda sukutum, dankali, karas, alayyahu dami biyu.

"Yaro ɗaya ne fa," in ji ta.

"Ai kin ce ya ci."

Ranar Lahadi tun kafin rana ta fito tana kicin. Mata uku ne a ciki, kowacce da risho ko ƙaramar tukunyar gas a gabanta, ga ƙamshin burodi yana shigowa daga gidan burodin da ke bayan layi. Firdausi ta fere kabewa har ta kusa yanke yatsa. Ta buɗe tukunya ta fi sau goma. Ta tsince kifin, ta sake bi da yatsa, ta tankaɗe sau biyu. Da ta sauke, sai ta ga kamar bai yi laushi ba. An kawo wuta a lokacin, don haka ta juye a injin markaɗe ta niƙa shi har ya koma kamar kunu.

Ta shimfiɗa leda, ta ɗaura wa Ja'afar ƙyalle a wuya, ta zaunar da shi a cinyarta, ta riƙe masa hannu ɗaya. Shamsu na zaune a bakin gado yana kallo.

"Oya, maza buɗe baki. Haa."

Ja'afar ya dubi cokalin ya datse baki.

"Shi ne fa na jiya. Ɗanɗana ka ji."

Ya kau da kai. Ta bi shi da cokalin ta dama, ya koma hagu. Ta dangwala masa a leɓe, ya goge da bayan hannu, ya banƙare, ya fara kuka. Ƙafarsa ta daki kwanon, rabi ya zube a leda.

Shamsu ya lakata da yatsa ya ɗanɗana. "Ko don ba gishiri?"

"Abeg, don Allah ka ƙyale ni."

Ta miƙe da yaron a kafaɗa da kwanon a hannu, ta nufi ɗakin ƙarshe. Ba ta ko yi sallama sosai ba.

"Ya ƙi. Duk yadda kika ce haka na yi, ya ƙi. Gobe ne fa, Maman Mouna. Gobe."

Mariama ta karɓi kwanon ta ɗanɗana. "Abincin ba shi da laihi. Kin dai niƙe shi da yawa, ba abin da zai kama da hannu." Ta dubi ƙyallen da ke wuyan yaron. "Da cokali kika ba shi?"

"Da me zan ba shi?"

"Jiya wa ya ba shi cokali? Wa ya riƙe mishi hannu? Kin tsare shi da ido kamar mai jiran bashi. Ko ni aka yi ma haka ba ni ci." Ta kwance ƙyallen ta ajiye. "Kuma ga nono a gabanshi, shina jin ƙamshinshi. Don mi zai wahal da kanshi?"

Firdausi ta ɗauki ƙyallen ta ninke.

"In tambaye ki," in ji Mariama, ba tare da ta dube ta ba. "Ke kina son shi ci kuwa?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Tambaya ce kawai. In ya ci, kin tahi ke nan."

Firdausi ta ji zafin maganar har cikin ƙirjinta.

Mariama ta ɗora tukunyarta a wuta, ta ce mata ta fita. Ta je ko'ina, ta yi awa guda, kada ta dawo kafin nan. Ja'afar ya fara kuka tun tana saka takalmi. Ta fita da sauri.

Ba ta da wurin zuwa. Ta bi gefen layin dogo, ta wuce masu kayan miya da suka baza a kan buhuna, ta wuce mahauta suna feɗe awaki. Wani mai keken haya ya tsaya ya tambaye ta inda za ta, ta girgiza kai. Ta tsaya gaban mai gwanjo tana juya rigunan yara, ba ta ga ko ɗaya ba. Duk kukan yaron da ta ji sai ta waiga. Maganar Mariama ta ƙi barinta. Tana son aikinta, wannan ba ta da shakka. Amma ta tuna cewa jiya, bayan murnar ta lafa, ta kwanta da wani abu mai nauyi a zuciya wanda ba ta san sunansa ba. Wata tara babu wanda ya iya ƙosar da yaron nan sai ita.

Ta duba waya. Minti ashirin da biyar kacal. Ta ƙara gaba har bakin titi, ta tsaya tana kallon motocin haya na danfo suna lodi, kwandastoci na kiran Oshodi. Ta juyo. Minti arba'in ta yi, ta kasa cika awar.

Da ta shigo gidan babu kuka. Ta taka a hankali har ƙofar Mariama, ta tsaya a bayan labule inda akwai 'yar kafa.

Mariama ta ba su baya tana tsintar shinkafa. Mouna da Ja'afar suna ƙasa, kowa da kwanonsa. Na yaron da kauri, da 'yan gudaji masu laushi. Yana damƙa, yana kai wa baki, rabi na shiga rabi na zuba a cikinsa. Idonsa na kan Mouna. In ta kai loma, shi ma sai ya kai. Can ya gaji da hannunsa, Mariama ta juyo ta lakato da yatsa ta miƙa masa tana ci gaba da kallon shinkafarta, ya buɗe baki ya karɓa.

Firdausi ta jingina da bango. Ta daɗe a wurin. Ba ta shiga ba sai da ta ji ya fara buga kwanon a ƙasa.

Ranar Litinin Shamsu ya makara da gangan. Ya riƙe yaron, ita kuma tana kicin. Wannan karon ba ta taɓa injin markaɗe ba. Ta murƙushe da bayan ludayi, ta bar 'yan gudaji, ta raba biyu: na safe a kwano, na rana a ƙaramar kula. Ta tatsi nono a kofi mai murfi. Ta shayar da shi sosai, ta yi wanka a gurguje, ta saka kayanta. Siket ɗin ya matse ta a ƙugu. Ta nemi katin shiga kamfani ta rasa, ta zazzage jaka a kan gado, ashe yana aljihun rigar da ke jikinta.

A ɗakin Mariama ta shiga jero bayani. In ya yi zafi a fifita. In ya ƙi kada a matsa. Ruwansa dafaffe ne, yana cikin gora.

"Na haihi biyar," in ji Mariama. "Tahi."

Ta ajiye shi kusa da Mouna, ta tura masa kwanon. Ya tsoma hannu. Ta fice yana kallon abincin, ba ta yi masa sallama ba. Tana bakin ƙofar gida ta ji ya fasa kuka. Ta tsaya. Shamsu da ke bayanta ya ce, "In kin koma ba za ki fita ba." Ya raka ta har ta shiga danfo, sannan ya tsallaka ya nemi tasa motar.

Sun daɗe a cunkoso kafin Oshodi. Ta matsu a tsakanin wata mai kwandon kifi da wani mai barci, tana jijjiga ƙafa. Sau biyu ta ciro waya ta mayar. Takwas saura minti huɗu ta shiga kamfanin da gudu-gudu.

Madam Bisi ta dube ta sama da ƙasa, ta nuna mata kekenta da baki. An tara mata wandunan makaranta masu ruwan toka. Hannunta ya manta saurin injin. Layin farko ya karkace, ta farke. Kafin ƙarfe goma ta karya allura. A hankali ƙafarta ta tuna, ɗinkin ya fara miƙewa, har ta yi kusan rabin awa ba ta tuna komai ba sai bakin wando. Da ta farga da haka sai ta ji kunya, ba ta san ta wa ba.

Wajen sha biyu ƙirjinta ya cika ya yi tauri, rigarta ta fara jiƙewa. Matar da ke keken kusa da ita, wadda ba ta sani ba, ta miƙo mata ragowar yadi mai laushi ta tare jiƙar. Da aka tashi hutu Firdausi ta fita bayan ginin ta kira Mariama.

"Ya yi kuka, ba zan ɓoye miki ba," in ji Mariama. "Ya daɗe shina yi. Daga baya ya ci kaɗan, ya sha nonon a kohi. Yanzu shina kwana."

"Kaɗan kamar yaya?"

"Kaɗan dai. Ki koma aikinki."

Sai bayan ƙarfe shida ta iso Agege. Daga bakin titi zuwa gida ba ta san yadda ta taka ba. Ta tarar da su a ƙofar ɗaki, Ja'afar na cinyar Mariama, an yi masa wanka an shafa masa hoda. Ta miƙa hannu tana kiran sunansa. Ya dube ta, ya kau da kai, ya cusa fuska a jikin Mariama. Sai da ta sake kira sannan ya juyo, leɓensa ya fara rawa, ya fashe da kuka yana miƙo hannu biyu.

A nan bakin ƙofar ta zauna, da jaka a kafaɗa da takalmi a ƙafa, ta ba shi nono. Ya kama da ƙarfi, hannunsa ɗaya ya damƙe wuyan rigarta. Bayanta na ciwo, idonta na yaji saboda kallon allura.

Mariama ta miƙo mata kular, an wanke ta.

"Ya cinye na ranan?" in ji Firdausi.

"Shi da Mouna. Ta ce naki ya hi nawa daɗi, ta ture nata." Mariama ta tashi tana gyara ɗaurin zane. "Gobe ki ƙara yawa, ki sa ƙwai. Kuma ki hita tun bakwai saura, ran Talata hanyar ta hi cunkushewa."

Firdausi ta ce to. Ta gyara wa yaron kwanciya a hannunta, ta zare takalmin da ƙafa ɗaya, sannan ɗayan.